Birazil Bayan Rio: Tambayoyi da Amsoshi Kan Wuraren da Baƙi Ba Su Cika Zuwa Ba

Da zarar an ce Birazil, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne ƙwallon ƙafa, bakin tekun Rio de Janeiro, da ƙaton mutum-mutumin nan da ke tsaye kan dutse. Alhali ƙasar ta ninka Najeriya sau tara a faɗi, kuma mafi yawan abin da ya cancanci kuɗin jirgin mutum yana nesa da Rio, can arewa da arewa maso gabas. Ga tambayoyin da masu niyyar zuwa suka fi yi.

Laifi ne in tsaya a Rio da São Paulo kawai?

Ba laifi ba ne, amma asara ce. São Paulo birnin kasuwanci ne, ɗan kasuwa zai ji daɗinsa. Rio kuma tana da kyau, babu mai musu. Sai dai wanda ya keta Atlantika ya ƙare a waɗannan biyu ya ga fuskar da aka shirya wa baƙi ne kawai. Ƙasar tana da jihohi 26, mutanenta sun haura miliyan 200, kuma inda tarihinta ya haɗu da namu ba a kudu yake ba, a jihar Bahia yake.

Da gaske akwai alaƙa tsakanin Hausawa da Bahia?

Akwai, kuma alaƙa ce mai ciwo. Birazil ta karɓi bayi daga Afirka fiye da kowace ƙasa a duniya, sama da mutum miliyan 4, ba ta kuma haramta bauta ba sai 1888. Bayan da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soma a 1804, yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa sun jefa mutane da yawa hannun fataken bayi. Aka gangara da su kudu zuwa Legas, Badagiri da Ouidah, aka loda su a jiragen ruwa zuwa Salvador, babban birnin Bahia. Daga cikinsu akwai manoma, mayaƙa, da almajirai da malaman da suka haddace Alƙur'ani.

Ba su zauna shiru ba. A watan Mayun 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a Salvador kafin ya tashi. Suka sake yunƙurawa a 1809. A watan Fabrairun 1814 suka ƙone sansanonin kamun kifi a Itapuã, arewa da birnin. Mafi shahara shi ne tawayen Malê (sunan da ake kiran Musulmin Afirka da shi a Bahia), daren 24 zuwa wayewar 25 ga Janairun 1835, a ƙarshen watan Ramadan. Kimanin mutum 600 suka fito titi sanye da fararen riguna, da layu a wuya. Yawancinsu Yarabawa Musulmi ne, amma akwai Hausawa da Nufawa da mutanen Borno. Cikin malaman da aka tuhuma akwai wani Bahaushe da ya fanshi kansa, Elesbão do Carmo, wanda aka fi sani da Dandará. Yana da shagon taba a kasuwa, a nan kuma yake karantar da ɗalibansa. An murƙushe tawayen kafin gari ya waye sosai. An harbe mutum huɗu ranar 14 ga Mayu, an yi wa wasu bulala ɗaruruwa, aka kori wasu da dama zuwa Afirka. Cikin waɗanda suka dawo a wannan zamani da bayansa ne aka samu al'ummar Aguda ta Legas da ta Tabom ta Akara.

Wani abu da ke sosa rai: a ƙarshen shekarun 1840, ƙaramin jakadan Faransa a Salvador, Francis de Castelnau, ya zauna da Hausawan birnin yana tambayarsu ƙasarsu. Suka lissafa masa garuruwa da hanyoyi daga Kano, Katsina da Zazzau, ya buga bayanin a 1851. Bayan shekaru a baƙon wuri, ba su manta hanyar gida ba.

To ina zan je in ga sawun wannan tarihi?

Kada ka sa ran samun babban gidan tarihi na Hausawa, babu shi. Sawun a warwatse yake, sai mai nema. Filin da aka yi harbin, Campo da Pólvora, yau dandali ne mai tashar jirgin ƙasa ta cikin gari, jama'a na wucewa ba tare da sanin abin da ya faru a wurin ba. Unguwar Água de Meninos, inda aka yi karon ƙarshe da sojan doki, tana ƙasan birni kusa da tashar jiragen ruwa. Layu da takardun Larabci da 'yan sanda suka ƙwace suna ajiye a ma'adanar takardun jihar Bahia. Ƙananan takardu ne da aka ninke, ɗauke da ayoyi da addu'o'i cikin irin rubutun da duk wanda ya yi makarantar allo zai gane nan take. Ganin na asali sai an nemi izini tun da wuri.

Daga nan ka hau mota zuwa Cachoeira, tafiyar sa'a biyu. Ƙaramin gari ne a bakin kogin Paraguaçu, tsakiyar yankin rake da taba da ake kira Recôncavo. Tabar wannan yanki, wadda ake shafa wa ruwan rake don kada ta bushe, ita ce hajar da aka riƙa musayar mutane da ita a gaɓar Benin. Tsofaffin gidajen attajiran suna nan, wasu sun rufta. Gadar ƙarfe da aka buɗe a 1885 ta haɗa garin da São Félix, inda ake naɗa sigari da hannu tun shekarun 1870. A tsakiyar Agusta ake bikin Boa Morte, ƙungiyar dattawan mata baƙar fata da ta samo asali tun zamanin bauta, lokacin da membobinta ke tara kuɗi su fanshi 'yan'uwansu. Bikin addininsu ne, ya haɗa Katolika da al'adun da kakanninsu suka zo da su. Baƙo ya tsaya gefe da ladabi, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto.

Na ga hoton hamada cike da tafkuna. Haɗi ne na kwamfuta?

Ba haɗi ba ne. Lençóis Maranhenses ke nan, a jihar Maranhão, gandun da aka keɓe a 1981, faɗinsa kimanin hekta 155,000. UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2024. Wanda ya san tuddan yashin Tenere ko na Yusufari zai ga kamar gida ya zo, sai dai a nan yashin fari ne fat, kuma a kowane kwari tsakanin tudu da tudu akwai ruwa garai-garai, wani shuɗi, wani kore.

Dalilin mai sauƙi ne. Wurin ba hamada ba ne na gaskiya, ana tafka ruwa daga Janairu zuwa Yuni. Ƙarƙashin yashin akwai shimfiɗar da ba ta barin ruwa ya wuce, sai ya taru ya cika kwaruruka. Daga Yuni zuwa farkon Satumba tafkunan na cike. Zuwa Nuwamba yawancinsu sun ƙafe, iska ta ci gaba da tura tuddan. Wanda ya zo a Disamba yashi kawai zai gani, don haka lokaci shi ne komai a wannan tafiya.

Ana shiga ta garuruwa uku. Barreirinhas ta fi sauƙi, sa'a huɗu daga São Luís, babban birnin jihar, amma ta fi cunkoso: motocin a-kori-kura masu benci suna kwasar mutane su tsallake kogin Preguiças, su kai su Lagoa Azul ko Lagoa Bonita. Santo Amaro ta fi kusa da manyan tafkuna, kuma ni ita nake ba wa mai iyali shawara. Atins ƙauyen masunta ne da titunansa duk yashi. Masu ƙarfin gwiwa suna keta gandun da ƙafa cikin kwana uku zuwa huɗu tare da ɗan jagora. Ana tashi tun kafin asuba don a guje wa rana, a kwana cikin ragar lilo a gidajen mutanen Baixa Grande da Queimada dos Britos, 'yan tsirarun iyalai da ke kiwon awaki a tsakiyar yashin.

Idan ka kai São Luís, ka ba ta kwana ɗaya. Faransawa suka kafa ta a 1612, tsohon garin kuma an lulluɓe bangon gidajensa da tayil mai zane na Fotugal. Tsallaken ruwa akwai Alcântara, garin da arzikin auduga ya gina, ya kuma gudu ya bar shi kango. Jirgin fito yana bin cikar teku da janyewarta ne, ba agogo ba.

Shin wannan Lençóis ɗin ce ta Bahia?

A'a, kuma mutane na yin wannan ruɗani wajen sayen tikiti. Lençóis ta Bahia gari ne a cikin duwatsu, ƙofar shiga Chapada Diamantina, sa'a shida zuwa bakwai a bas daga Salvador. Tsakaninta da ta Maranhão akwai fiye da kilomita 1,000.

Me ke Chapada Diamantina?

Duwatsu masu shafaffen kai, kwazazzabai, koguna na ƙarƙashin ƙasa, da ruwa mai launin shayi saboda ganyen da ke jiƙa a cikinsa. An gano lu'ulu'u a Mucugê a 1844, jama'a suka yi ca, garuruwa suka tashi cikin 'yan shekaru. A nan aka tono baƙin lu'ulu'un da ake kira Sérgio a 1895, mai nauyin karat 3,167. Da arzikin ya ƙare garuruwan suka yi kufai, kamar Igatu, inda gidajen dutse na mahaƙa ke tsaye babu rufi. An mai da yankin gandun ƙasa a 1985, kuma da yawa cikin 'yan jagorar yau jikokin mahaƙan ne, suna bin hanyoyin da kakanninsu suka sara.

Mafaɗar ruwa ta Fumaça ta fi mita 300 tsayi. Daga Vale do Capão ake hawa, kilomita shida, farkonta hawa ne mai tsanani. A sama akwai wani falalen dutse da ya leƙa kan rami. Ɗan jagora zai ce ka kwanta rub da ciki, ka ja jiki har kanka ya wuce baki, shi kuma ya riƙe ƙafarka. Sai ka ga ruwan ya zuba, iska ta tare shi a tsakiya ta watsa shi, wani ma ya dawo sama ya jiƙa maka fuska. A Poço Encantado kuwa, tsakanin Afrilu da Satumba, hasken rana na ratsa wata kafa ya sauka cikin ruwan kogo ya mai da shi shuɗi har ƙasa. Ba a iyo a cikinsa, sai a Poço Azul. Mai kwana uku zuwa biyar ya shiga Vale do Pati, inda babu hanyar mota, alfadarai ke kai kaya, ana kuma kwana a gidajen mazauna kwarin.

Akwai wurin da ya fi waɗannan nisa daga jama'a?

Jalapão, a jihar Tocantins, wadda ita kanta sai 1988 aka ƙirƙiro ta. Daga Palmas, babban birnin jihar, ake tashi da mota mai jan ƙafa huɗu, a yi sa'o'i ana kutsawa cikin yashi da jar ƙasa babu sabis ɗin waya. Abin da ke kai mutane shi ne fervedouro: ƙaramin marmaro zagaye da ayaba da itatuwan buriti, ruwa na ɓuɓɓugowa daga ƙasa da ƙarfin da ba ya barin mutum ya nutse. Ka sa ƙafa ka ji babu ƙasa, amma ruwan ya ɗago ka. Ana shiga 'yan kaɗan-kaɗan, na ɗan lokaci, kuma ba a yarda a shafa mai ko maganin sauro kafin shiga ba.

A ƙauyen Mumbuca, na jikokin bayin da suka tsere, mata na saƙa faifai, kwanduna da 'yan kunne da wata ciyawa mai ƙyalli kamar zinariya. Doka ta hana yankar ta kafin 20 ga Satumba, sai irinta ya nuna, ta kuma hana fitar da ita ɗanya. Ka saya a hannunsu kai tsaye, kada ka matsa wajen ciniki.

Ni tarihin da ya fi na bauta tsufa nake so.

Serra da Capivara, a kudancin Piauí. Daji ne na ƙaya da duwatsu ja, kuma a jikin duwatsun akwai dubban zane-zane da jar ƙasa: barewa, mafarauta, masu rawa kewaye da itace, mace na haihuwa. Masaniyar tarihin ƙasa Niède Guidon ta shafe rayuwarta a wurin tun shekarun 1970. Ita ta yi fafutuka har aka keɓe shi a 1979, UNESCO ta amince da shi a 1991. Ta dage cewa mutane sun zauna a Pedra Furada, wani wuri a cikin gandun, tun shekaru 50,000 ko fiye, wasu masana kuma ba su yarda ba, muhawarar tana nan har yau. Ana sauka a São Raimundo Nonato, kimanin kilomita 300 daga Petrolina. Dole ne a ɗauki ɗan jagora mai rajista.

Idan hanya ta bi da kai Maceió, ka ratse zuwa Serra da Barriga, tudun da ya kasance cibiyar Palmares, ƙasar da bayi masu gudu suka kafa ta rayu kusan ƙarni guda. An rushe ta a 1694, aka kashe shugabanta Zumbi ranar 20 ga Nuwamban 1695. Wannan rana yanzu hutu ce a ƙasar baki ɗaya.

Amazon fa? Dole sai Manaus?

Ba dole ba. Alter do Chão, kusa da Santarém a jihar Pará, tana bakin kogin Tapajós, wanda faɗinsa ya sa a wasu wurare ba a hango tsallake. Daga Agusta ruwa ke ja baya, fararen tsibiran yashi su bayyana, har zuwa wajen Janairu. A riƙa jan ƙafa a ƙasa lokacin shiga ruwa saboda wani faffaɗan kifi mai ƙaya a wutsiya da ke kwanciya cikin yashi. A dajin Tapajós mazauna ƙauyuka na kai baƙi gindin wata ƙatuwar bishiya da suke kira samaúma. Rimi ce, iri ɗaya da namu.

Can sama a kogin akwai Fordlândia, garin da Henry Ford ya gina a 1928 don noman roba. An dasa itatuwan a cunkushe, cutar ganye ta cinye su, ma'aikata suka yi bore a 1930 kan abinci da dokokin da aka ƙaƙaba musu, kamfanin ya sayar wa gwamnati wurin a 1945. Tankin ruwa da kangon masana'anta suna nan, mutane na zaune kewaye da su.

Ina ake ganin namun daji?

Pantanal ta fi Amazon, domin fili ne mai fadama, ido na kai wa nesa. Daga Poconé hanyar Transpantaneira ta miƙa kusan kilomita 150 zuwa Porto Jofre, ta kan gadoji fiye da 100. Tsakanin Yuli da Oktoba ake ganin damisar Amurka a gaɓar kogi daga cikin kwale-kwale, ga kadoji birjik. Tafiya ce mai tsada.

Yaya Musulmi zai yi da abinci?

A nan ake bukatar lura. Birazil na kan gaba a duniya wajen fitar da kaza da naman halal, amma wanda ake sayarwa a cikin gida ba a cika yi masa wannan shaida ba. Alade kuma yana ɓuya inda ba ka zata ba: cikin wake, cikin soyayyen garin rogo da suke kira farofa, har cikin ganye. Feijoada, dafaffen wake da nama, cike take da alade. Ka riƙe waɗannan kalmomi: porco, bacon, linguiça, calabresa, presunto, torresmo. Tambayar ita ce "Tem porco?" Gidajen abinci masu auna faranti a sikeli sun fi sauƙi, tunda kana ganin abin da kake ɗiba. Kifi ya wadata ko'ina a arewa, musamman moqueca, miyar kifi da madarar kwakwa da manja. Caipirinha giya ce, ko da ta yi kama da lemo.

A Salvador da yamma za ka ga mace cikin farar riga mai faɗi da ɗankwali, zaune gaban tire, tana buga ƙullun wake da babban ludayi. Ta ɗebo ta saka cikin manja mai tafasa, ta tsame, ta tsaga shi biyu, ta cusa busasshen jatan lande da wani kauri mai gyaɗa. Acarajé ke nan, ƙosai ne da ya yi hijira tare da masu shi. Idan ta tambaye ka "quente?", yaji take nufi.

Sallah da sutura fa?

Akwai masallatai a São Paulo, Brasília, Curitiba, Cuiabá da Foz do Iguaçu, da cibiyar Musulunci a Salvador inda ake Juma'a. A ƙananan garuruwan da muka lissafa babu, sai ka riƙe dardumarka da manhajar alƙibla. Agogon Brasília yana bayan na Najeriya da Nijar da sa'a huɗu. Banɗakuna da yawa suna da ƙaramin famfon tsarki. Mai hijabi za a kalle ta don baƙunta, tambaya ce ta fi yawa. Amma a san cewa shigar bakin ruwa a can tsiraici ne a idonmu. Mai son kauce wa haka ya fita da sassafe, ko ya ɗauki ɗan jagora na kansa ya kai shi tafkin da babu jama'a.

Biza da jirgi?

Ana bukatar biza. A Najeriya akwai ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, akwai kuma a Akara da Yawunde. Za a nemi tikitin dawowa, shaidar masauki da bayanan banki. Ka tafi da katin rigakafin shawara. Ana bi ta Addis Ababa, Kasabalanka, Istanbul, Doha ko Dubai zuwa São Paulo. Jirgin kamfanin TAP na Fotugal na tashi daga Lisbon kai tsaye zuwa Salvador, Recife, Fortaleza da Belém, wanda ke rage wahala sosai, sai dai mai fasfon Najeriya ko Gana yana iya bukatar bizar ratse ta Turai. Kada ka karɓi saƙon kowa, ko da ɗan ƙulli ne, a tafiya ko a dawowa. Masu safarar ƙwaya na amfani da wannan hanya, kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma da ke ɗaure a can saboda jakar da ba tasu ba.

Turanci zai wadatar? Tsaro fa?

Ba zai wadatar ba. Fotugis ake yi, kuma a ƙauye da wuya ka samu mai jin wani harshe. Ka sauke manhajar fassara da ke aiki babu intanet, ka koyi gaisuwa da ƙirga. Mutanen na da sakin fuska da haƙuri da baƙo. Kuɗinsu real ne. Kati na aiki kusan ko'ina, amma a riƙe tsaba don Atins, Pati da Jalapão. A manyan birane fizgen waya ya yi yawa, don haka kada a fito da ita a titi, a kira Uber da dare. Ƙananan garuruwa sun fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. A riƙe maganin sauro saboda zazzaɓin dengue, da na cizon sauro a Amazon.

Mako biyu gare ni. Yaya zan raba su?

Ka zo tsakanin Yuli da farkon Satumba. Ka guji ƙarshen Disamba zuwa bikin Carnival, da makon bikin São João a ƙarshen Yuni, lokacin da masauki ke tsada a garuruwan arewa maso gabas. Kwana uku a Salvador, biyu a Cachoeira, biyar a Chapada Diamantina, sannan jirgi zuwa São Luís ka ƙare a Santo Amaro. Azul, Gol da LATAM ke zirga-zirgar cikin gida, kuma sau da yawa sai an sauya jirgi a Recife, Fortaleza ko Brasília, don haka ka ware yini guda cur don wannan tsallake. Jalapão, Capivara, Tapajós da Pantanal kowannensu na bukatar kusan mako nasa, ba sa shiga cikin wannan lissafi.